Hoton da Muka Yi wa Ƙarya a Tudun Kaba

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar yayata Dije, Allah ya jiƙanta da rahama. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, ni da nake cika shafin nan na jarida da ta'aziyyar mutanen da ko shayi ban taɓa sha da su ba. Ba mantuwa ba ce, kunya ce. Bana kuwa dole na ajiye kunyar a gefe, domin ana shirin kewaye Tudun Kaba da waya a hana matan ƙauyenmu shiga, kuma hujjar da aka riƙe wani tsohon hoto ne wanda ni na san yadda aka yi ya fito haka.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, in mutum ya nufi wajen Baturiya. A bayan gari akwai wani tudun rairayi mai faɗi, wanda in kogi ya kawo ruwa da damina sai an shiga kwale-kwale ake isa gare shi. Shi ne Tudun Kaba, goriba ce cike da shi. Ga wanda bai tashi a irin ƙasarmu ba, ganyen goriba shi ne kaba, kuma da shi ake saƙa tabarma da faifai da igiya da malafa. A wurinmu namiji yana da gonarsa da komar kamun kifinsa, mace kuwa tana da goribarta, wadda take gada daga uwa ta bar wa 'ya. Babu takarda, babu shinge. Kowace mace tana da irin ƙullin da take yi a ganye ɗaya na kowane gindi nata, duk wadda ta ga ƙullin ta san mai shi, ta wuce. Ba a yankan ganyen tsakiya, kuma ba a aske gindi kaf. Yarinya tana koyon wannan tun kafin a ba ta wuƙa a hannu.

Yaya Dije ta girme ni da shekara tara, ita ta goya ni. Doguwa ce, baƙa, mai murya kamar ta namiji, kuma ba ta iya raɗa ba ko a gidan rasuwa. Ita ta gaji goribar mahaifiyarmu, gindi goma sha bakwai a tsakiyar tudun. Ni kuwa aka sa ni boko, na fito malamin firamare, na dawo gida da agogo a hannu da biro a aljihu. A lokacin ni kaɗai ne mai karanta wasiƙa a ƙauyen, saboda haka duk abin da na faɗa sai ya zauna, ko da shirme ne.

Fiye da shekara talatin da suka wuce, wata rana da rani na shiga Haɗeja, wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce ya ji za a turo jirgi ya ɗauki hoton ƙasar nan daga sama, kuma duk inda aka ga itace ya yi duhu za a mai da shi gandun daji. Mun riga mun san an keɓe daji a wajen Baturiya saboda tsuntsaye, don haka maganar ta shige ni. Ban tambaye shi inda ya ji ba. Na hau keke na dawo ina haki, na zarce ƙofar mai garinmu, Bulama na wancan lokaci, na faɗi na yi gaisuwa, na kwashe labari na gaya masa. Da ya tambaye ni mafita, wallahi da bakin nan nawa na ce, "Allah ya taimaki Bulama, in jirgi bai ga itace ba, me za a ƙwace? A sare manyan, in ƙura ta lafa ai goriba tana tohowa." Dattawa suka ce kai, boko ya yi rana. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Babu wanda ya shawarci mace ko ɗaya, alhali kayan nasu ne. Washegari maza suka fita da gatura. Kwana huɗu ana sara, tun daga fitowar rana har la'asar, itatuwan da kakannin kakanninmu suka ci 'ya'yansu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mata suna kuka daga cikin gida, mazansu suna ce musu ai don ku ake yi.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki saƙarta da tulun ruwa ta tafi ta zauna a tsakiyar goribarta, ta miƙe ƙafa ta ci gaba da aiki. Da masu sara suka iso wajenta suka yi cirko-cirko, sai aka aika a kira ni in lallashe ta. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, har da 'yan kalmomin Turanci don maganar ta yi nauyi. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sabo, jirgin ne ya gaya maka da bakinsa?"

"A'a Yaya, wani abokin aikina ne a Haɗeja."

"Shi kuma wa ya gaya masa?"

Ta ja wani ganyen kaba ta ci gaba da saƙa, ta ce:

"To ka je ka sare ta uwar wani. Wannan ta uwarka ce, in ka manta."

Daga nan ta juya kan masu gatura ta bi su ɗaya bayan ɗaya da suna. Ta tuna wa wannan cewa a kan tabarmar da ta saƙa aka zaunar da shi ranar aurensa, ta tuna wa wancan cewa da igiyar uwarsa yake ɗaure jakinsa. Ƙarti majiya ƙarfi suka riƙa sunkuyar da kai suna zamewa. Haka ta yi ta zuwa kullum har aka gama saran, aka bar mata gindinta goma sha bakwai a tsaye a tsakiyar fili fetal. Ni a ranar haushinta na ji. Na ce a raina taurin kan mace ɗaya zai jawo wa gari asara.

Jirgin ya zo bayan kamar mako biyu, da hantsi, can sama ƙwarai. Ya yi ta kai da komo a miƙe kamar mai huɗa, sa'an nan ya tafi. Muka jira ma'aikatan gandun daji, shiru. Wata ya wuce, shekara ta wuce, babu wanda ya zo. Daga baya muka ji ashe yadda ruwa yake malala a fadama ake son gani, ba ruwan kowa da goribarmu. Ashe mun aske tudun a banza.

Abin da ya biyo baya shi ya fi saran muni. Maza suka ji nauyin abin da suka yi, sai ba tare da an yi taro ba aka daina zancen. In baƙo ya tambayi abin da ya sami tudun, sai a ce fari ne. Fari kuwa ba ya musu. Yaran da aka haifa bayan nan suka tashi da labarin fari, ni ma na sha faɗarsa a aji, ina tsaye gaban allo, ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Yaya ba ta tona mu ba, ba ta da lokacin wannan. Goriba in an sare ta ba ta mutuwa, sai ta yi ta fitar da toho barkatai a ƙasa, amma in ana yanke tohon duka a matsayin kaba, har abada ba za ta sake miƙewa ta zama itace ba. Yaya ta bi gida gida ta ce wa kowace mace ta zaɓi toho ɗaya mafi ƙarfi a kowane kututture nata ta yi masa ƙulli biyu, wato wuƙa ta haramta a kansa. Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga matar da kabarta ta riga ta ragu, kuma an yi ta cacar baki, amma wa zai iya da bakin Dije? Ta taka da ƙafarta har ruga ta sami Arɗo, suka shirya cewa shanu za su riƙa bi ta yammacin tudun har tohon ya fi ƙarfin bakinsu. Duk kaka, kafin a fara sa wa ciyawa wuta, sai ta fitar da mata su share busasshen ganye daga kowane gindi. Shekara ashirin tana wannan aiki. Kafin ta rasu ta ci 'ya'yan wasu daga cikin waɗanda aka ƙulla, da 'yan haƙoran da suka rage mata.

Tsakanina da ita kuwa, ba ta yi gaba da ni ba, ta fi ƙarfin wannan. Tana gaishe ni, tana aiko wa iyalina tuwon salla, ta yi jinyar matata. Sai dai tun ranar da na durƙusa a gabanta a tudun ba ta ƙara kira na Sabo ba. Malam take ce mini, kamar kowa. Duk lokacin da ta faɗa sai na ji kamar an mare ni, kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar buɗe zancen ba. Ranar da ta cika ina garin Malam Madori wajen wani taron malamai, sai gawa na tarar.

To, bara da rani sai ga baƙi a mota, masu aikin tsara yadda za a kiyaye ƙasa da itatuwa. Ba zan kama sunan ma'aikatarsu ba, domin ba faɗa da ma'aikata ya kawo ni ba. Sun zo da ɗan jirgi mara matuƙi, faɗinsa bai wuce faifai ba, suka yi kwana uku suna tashinsa a kan tudun da fadama. Mai sarrafa shi wani Malam Nura ne, mutum mai ladabi, ya san aikinsa. Bana suka dawo da taswira da shawara: Tudun Kaba wuri ne mai daraja, za a kewaye shi, ba yanka, ba kiwo, ba shiga sai da izini. Har an sauke turakun siminti a bakin tudun. Nan da mako biyu za a yi zaman ƙarshe na jin ta bakin jama'a, daga nan sai kafa turaku.

Na sami Malam Nura a inuwar masallaci na ce ya nuna mini dalili. Ya buɗe kwamfutarsa ya jera mini hotuna biyu. Na dama shi ne nasa na bara, tudun ya yi kore shar, har ana iya ƙirga kawunan goriba. Na hagu tsoho ne, baƙi da fari, ya ce a ma'ajiyar tsofaffin hotunan jirgi suka samo shi. Tudun ya fito fari fat kamar an share tsakar gida.

"Ka gani Baba," in ji shi, "da can wurin ya mutu. Mun tambaya an ce fari ne. Babu gona a kai, babu gida, babu wata alamar aikin mutum, amma dubi yadda ya farfaɗo da kansa. Irin wannan wuri in aka bar mutane suka ci gaba da yanka, za a koma gidan jiya."

Na sa tabarau na matsa kusa. A tsakiyar farin akwai wani ɗan baƙin ɗigo. Na ɗora yatsa na ce wannan fa? Ya ce wataƙila ɗan tafki ne, ko kuma datti ne a jikin tsohon fim ɗin. Na ce masa, "Ba datti ba ne, ɗana. Yayata ce." Ya dube ni yana jiran ƙarin bayani, ni kuwa na tashi na tafi ban yi masa sallama ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Na tabbata ba za ta tsani ɗan jirgin ba, mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf. Za ta sa a nuna mata goribarta daga sama, ta yi dariya, ta ce ashe haka tsakar kansu take. Sa'an nan za ta tambaya ko jirgin yana ganin ƙulli. Ba ya gani. Yana ganin kore, amma bai san hannun da ya sa wurin ya yi kore ba. A taswirar nan tasu har kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa ta kashe kamun kifi ta tara mana tsuntsaye masu cinye shinkafa, ita ma kore shar ta fito, gwanin sha'awa. Da Yaya ta ga haka, na rantse sai an ji muryarta daga bakin kogi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ƙi a kiyaye ƙasa ba, wanda ya taɓa ganin tudu ya koma fili a kwana huɗu ba zai ƙi ba. Hoton sama kuma abu ne mai amfani, yana nuna abin da mai tafiya a ƙasa ba zai gani ba. Amma a ce tudun nan da kansa ya warke, wannan ƙarya ce, ko da yake ba Malam Nura ya ƙirƙire ta ba, mu muka ba shi ita. In aka fitar da matan nan, wa zai share busasshen ganye kafin wuta? Wa zai rage toho don guda ya miƙe? Masu injin yankan katako da ke yawo a ƙasar nan ba waya suke tsoro ba, idon mata suke tsoro, domin babu ranar da tudun yake wayar gari ba mace a cikinsa. A kore su, a sa mai gadi ɗaya da sanda, a dawo bayan shekara biyar a sake tashin jirgi a gani.

Na je na gaya wa Bulama na yanzu, ɗan marigayi Bulaman da na ba shawarar sara, cewa zan faɗi gaskiyar tsohon hoton a jarida da kuma wurin zaman. Yaron da ni na koya wa baƙi da wasali, yau ga shi da rawani. Ya sallami mutane muka rage mu biyu, ya ce, "Malam, ka rufa mana asiri. In suka ji mu muka sare da hannunmu, ai ka ba su wuƙa da nama, za su ce ga shi mun taɓa yi. Kuma mahaifina yana kabari, ba zai iya kare kansa ba." Maganarsa ba ta banza ba ce, na kwana biyu ina juya ta. Mai yiwuwa gaskiyar ta juyo ta cije mu. Amma in muka yi shiru, labarin fari ya tabbata, aikin shekara ashirin na matan nan ya zama ba a yi ba, kuma a kan wannan shirun za a kafa turakun. Na koma na ce masa, "Allah ya taimaki Bulama, mahaifinka shawara ya karɓa. Wanda ya ba da ita yana raye, ga shi a gabanka." Ya ce in na buga wannan magana kada in ƙara zama a ƙofarsa. Shekara arba'in ina zama a ƙofar nan, kuma zan yi kewarta ƙwarai.

Saboda haka ga shi ina faɗa da babbar murya, masu taswira su ji, mutanen garinmu su ji. Ba fari ne ya cinye Tudun Kaba ba. Ni Malam Sabo na kawo jita-jita daga Haɗeja, ni na ce a sare, maza suka sare. Mata ba su sare ko reshe ba, su suka tashe shi daga kututture. Duk wanda zai hukunta garinmu da tsohon hoton nan, ya hukunta ni, ya bar su. Abin da nake nema a wurin zaman ba shi da yawa: a ajiye jirgi na yini ɗaya, a cire takalmin ofis, a bi matan nan gindi gindi su nuna ƙullinsu su faɗi mai shi. A rubuta dokar ƙulli biyu a cikin tsarin, da sharar kaka, da hanyar shanun Arɗo, a ce wannan ita ce kiyayewar, kuma masu ita su ne masu gadin. In an ga dama a riƙa turo jirgin duk shekara ya duba ko sun cika alkawari. Ba sa tsoron a duba su.

Me ya rage na Yaya Dije? Ba ta bar gida ba, ba ta bar shanu ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ta bar itatuwa da suka fi soro tsawo, da mata fiye da yadda zan iya lissafawa waɗanda ba sa kai wuƙa kan ganye mai ƙulli biyu ko da ba mai ganinsu. Ta kuma bar 'yarta Zulai, wadda ta gaji goribar da muryar duka.

Kafin in aika da rubutun nan na kai wa Zulai na karanta mata, domin ba na son ta ji a bakin wani. Tana saƙa tana saurare, ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. A rubutun farko na rufe da cewa na san Yaya ta yafe mini kafin ta rasu, don mace ce mai zuciyar imani. Zulai ta ajiye saƙar.

"Kawu, ka gama?"

Na ce na gama.

"To ka cire wurin nan na ƙarshe. Ka taɓa neman gafararta?"

Na ce ban taɓa ba.

"To ina ka sani? Kada ka sa mata magana a baki don ba ta nan."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, amma gaskiya ta faɗa, na ciro biro na soke layin a gabanta. Na tambaye ta, ita fa, a matsayinta na magajiya, me za ta ce? Ta ɗauki saƙarta ta ci gaba, ta ce, "Ka je wurin zaman ka faɗa da bakinka, a tsaye, gaban Bulama da baƙin da matan da aka sare wa uwayensu goriba. Ranar da aka kwashe turakun nan daga bakin tudu, ka zo ka sake tambayata."

Turakun suna nan a jibge har yau da nake wannan rubutu. Na ba da babbar rigata a wanke, kuma na roƙi mai gabatar da zaman ya sa sunana a farko.